Ragowar Shayin Abba

…kuma ai ba nasa ba ne. Ba zai yiwu ya zama nasa ba. Mijin nata, mutumin da yake kwance a asibiti tun makon jiya, da roba a hanci, ta ina kiyashi zai biyo fitsarinsa yau da safe? Ɗakinsa ma a kulle yake, da banɗakin ciki da komai, tun ranar da masu fararen kaya suka sauko da shi a keken marasa lafiya. Wannan banɗakin na yara ne. Su uku suke shigarsa yanzu. To na waye?

Hureira tana tsaye a bakin ƙofa, buta a hannu, ta manta abin da ya kawo ta. Layi suka yi. Ƙanana, jajaye, daga ƙasan taga suka gangaro, suka bi gefen tayil, suka kewaye gindin masai. Hawa goma sha wani abu su hauro, su bar kicin, su bar kwandon shara, su zo nan — me suka ji? Wa ya faɗa musu?

Ta san layin nan. A Rano ta gan shi, a bayan ɗakin surukinta Alhaji Halliru, inda yake tsugunawa da ƙafa ta hana shi zuwa nesa. Hajiya Ɗelu, uwar mijinta, tana share su da tsintsiya tana cewa damina ce. Da rani ma damina ce. Har aka yanke ƙafar, wai wani abu ya taka a hanyar gona, aka yi masa asiri. Mutumin da rabonsa da gona tun yana saurayi. Daga shago sai tabarma, daga tabarma sai shago, kwanon fura da zuma a gefe…

Ta watsa musu ruwa. Sun tafi. Za su dawo.

Mubina ba ta isa ba, 'yar shekara biyar, ƙafa kamar sillen kara. Ba ita ba ce. Saura Mus'ab. Ai lissafin ba wuya. Saura Mus'ab, shi ke nan.

Maƙoshinta ya bushe. Zafin garin nan, ba ya barin mutum, ko ana ruwa gumi ake. Ta shiga kicin, ta buɗe firji, ta ɗaga gora ta sha har ta ji sanyi a haƙori. Abin hannun nan na roba, ruwan hoda, da aka ɗaura musu su duka ukun don kada su fita, yana manne da fatarta. Kamar tumaki a kasuwar Wudil. Wai killacewa. Da can ina take zuwa? A gaya mata, da can ina take zuwa?

Jiya likita ta bugo. Mace, 'yar Male, 'yan asalin nan Maleshiya, murya a sanyaye, Turanci kamar ruwan famfo. Hureira tana jin Turanci idan aka bi ta a hankali, amma wannan ya wuce ta, sai ta miƙa wa yaro wayar. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya. Shi ya tsaya yana sauraro yana gyaɗa kai kamar babba, sannan ya juyo yana haɗa mata, rabi Hausa rabi Turanci: wai ba koronar kaɗai ba ce, wai sugan Abba ya yi sama sosai, shi yake hana jiki ya yi faɗa. Wai tun yaushe yake da shi? Wane magani yake sha?

Wane magani. Ta ce ya ce mata ba su sani ba.

Ƙarya ce. Rabin ƙarya. Magani kam ba ya sha. Amma abin gwada sugan yana nan, cikin akwatin huluna, ƙasan zanna bukar ɗin da yake sawa ranar idi. Shekaran jiya ta shiga da takunkumi ta kwaso musu kayan sawa, ta fito da akwatin ba ta san dalili ba, ga shi can bayan ƙofar falo. Bara waccan ya sayo abin. Ya zauna bakin gado, ya soki yatsa, ya ɗiga, ya duba. Tana tsaye tana ninke kaya, ta ga fuskarsa ta sauya kamar an kira sunansa a kotu. Sai ya yi dariya. Ya ce na'urar ta lalace, kayan zamani kenan, duk na bogi. Ya tura ta ƙarƙashin huluna. Ya ce ta haɗa masa shayi.

Ta haɗa.

Kai ma dai, Abban Mus'ab — haka take ce masa a zuci, tunda a fili ba ta taɓa ba — kai ma dai. Malam Abdulwahidu, mai neman digiri na uku, gwamnati ta turo ka ƙetare don kanka yana ja, ka karanta littafin da ya fi tulu nauyi, ka kasa karanta lamba uku a kan ɗan gilashi? Ka karanta. Ka gane sarai. Ka ga ƙafar Alhaji a ciki, shi ya sa ka rufe.

Shayin kuwa… ba shayin gida ba. A wajen mamak ɗin ƙasan bene ya koyo shi, masu shagon nan da ba sa rufewa, teh tarik, wanda ake ja daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. Ya ce na gida ya fi albarka, ta koya. Madarar gwangwani mai kauri, wadda take zuba kamar zuma, a huda mata baki biyu, a karkata har sai hannu ya gaji. A ƙara sukari don wai ganyen yana da ɗaci. Da safe, da hantsi, da la'asar, da duk lokacin da rubutu ya cije masa. A babban kofin silban nan da ya taho da shi daga Kano.

Kuma ba ya shanyewa. Nan ne. Nan ɗin ne.

Ba ya shanyewa, don Alhaji ba ya shanyewa. Uba ba ya suɗe kwano, sai ya rage wa ɗansa, albarka ce, haka aka tashe shi, haka yake faɗa da alfahari: shi ne mai cin ragowar Alhaji duk cikin 'ya'ya, shi ya sa karatu ya zauna masa. To sai ya sha sama, ya bar gindin kofi. Gindin, inda madarar take kwanciya, inda sukarin da bai narke ba yake taruwa kamar yashi. Ya kira: babban mutum, zo ka karɓi ragowa. Tun yaro yana rarrafe. Tun bai yi haƙori ba, da cokali ake ba shi. Shinkafar kwakwa ma haka, roti ma haka, ɓangaren da ya fi jiƙa da mai shi ake ragewa, don ƙauna. Yaro ya ci nasa, ya ci na uba. Kullum. Cikin mutum biyu a jikin mutum ɗaya — ita kuma tana tsaye tana jin daɗi, tana cewa Allah ya sa ka gaje shi.

Allah ya sa ka gaje shi. Da bakinta.

Daga falo muryar malamar makaranta tana fitowa ta kwamfuta, tana kiran sunaye. Mus'ab ya amsa. Ko daga nan tana jin numfashinsa. Yaro a zaune, ba gudu ya yi ba, ba kaya ya ɗauka ba, yana haki kamar wanda ya hau dutsen Dala. Yaushe ya fara? Kullen farko? Kafin nan? Ai da a ce rana ɗaya ya kumbura da ta gani. A hankali ya zo, wando yana matsewa ana sayen wani, cinya tana gugar cinya ana shafa hoda, ana cewa girma ne.

Juyo min da angon nawa in gan shi — Hajiya Ɗelu kenan a waya, duk Juma'a, fuskarta ta cika gilashi. A juya shi gaba, a juya shi baya, a ɗaga riga. Ma sha Allah, Maleshiya ta karɓe shi, kumatu kamar ɗan sarki, haka ake so, ba irin 'ya'yan wance ba da ake ƙirga haƙarƙarinsu. Hureira, Allah ya yi miki albarka, kin iya kiwo. Kin iya kiwo. Sai ta kwana tana jin kanta a sama. Wace mace ce ba ta so uwar miji ta ce ta iya? Aka kai ta ƙasar mutane, ba dangi ba kowa, abin da za ta iya aikawa gida a gani da ido shi ne jikin yaron nan. Hoto ne shaidarta. Idan ya rame, ita ce. Idan ya cika, ita ce.

To yanzu ma ita ce.

Wuyan. Wuyan nan nasa. Baƙi ya kewaye shi ta baya, kamar an shafa gawayi, da kaushi-kaushi, har cikin hammata. Ta ɗauka dauɗa ce. Me za ta ɗauka? Ta sa soso, ta sa sabulun salo da aka aiko mata, ta sa lemon tsami, ta dirje shi har ya yi kuka, har fatar ta yi ja, tana zaginsa ƙazami, ɗan gidan wa ya koya maka wanka. Washegari baƙin yana nan. Sai a walimar sunan nan, kafin a rufe gari, Larai, matar hawa na ƙasa, ta ja ta gefe ta ce, Maman Mus'ab, kada ki ji haushi, wannan ba datti ba ne, ƙanena ya yi irinsa, a kai shi a auna jininsa. A gaban mutane ba ta faɗa ba, gaskiya, a gefe ta faɗa. Amma Hureira ta ji kamar an tsinka mata mari. Ta ce mata ta ji da nata 'ya'yan da iska take ɗauka. Aka daina gaisawa a lif.

Larai. Ita da mijinta da yaransu, kullum bayan asuba, zagayen filin ƙasa, takalmin roba, hijabi har gwiwa tana ɗaga ƙafa. Matan gidan nan sun sha dariya. Hureira ce kan gaba. Matar aure, uwar 'ya'ya, tana sassarfa a titi kamar tsofaffin Sinawa, me aka rasa? Kuma yaran ba a kiransu, ba a roƙonsu, ko an makara su suke buga wa uwayen ƙofa. Hadi ɗinta, sa'an Mus'ab, yana hawa matakala da gudu yana rige lif. Mus'ab yana tsaye yana danna maɓalli da gwiwar hannu, kamar yadda Abba yake yi.

Jiya Larai ta ajiye musu leda a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa ta tafi. Alayyafo, kubewa, kifi. Ba ta rubuta komai ba. Da ma ta yi gori, da ya fi sauƙi.

Ta sake shan ruwa. Me ya sa ba ya kashe ƙishin? Ruwan garin nan ba shi da nauyi, ba kamar na rijiya ba.

Takalmin motsa jikin Abba yana nan a bakin ƙofa, fari ƙal, har yanzu da takarda cushe a ciki. A Bukit Bintang ya sayo, ranar da ya fito da su kallon fitilu, ya ce daga Litinin. Litinin ta zo rubutu ya riƙe shi. Bayan azumi. Bayan an gama babi na uku. Bayan an buɗe gari. Akwai wurin ninƙaya a ƙasan benen nan, akwai ɗakin ƙarafa, kyauta, shekara da shekaru suna wucewa ta gabansu kamar kabari. Shi ba lokaci, ita ba za ta shiga inda mata suke yawo da ɗan kamfai ba. Yanzu an kewaye su da jan zare, an kewaye lilon yara, sai ya zama da hujja: ai gwamnati ce ta hana. Gwamnati ta hana abin da ba a taɓa yi ba.

Shi ma ai ya fi ta. Shi yana zuwa Chow Kit, ya ratsa kasuwa, ya ɗauko naman akuya da buhun shinkafa, ko ba komai ya taka. Ita fa? A Rano kafin rana ta fito ta yi surfe, ta yi daka, ta ja guga har tafin hannu ya yi kanta, ta tafi islamiyya a ƙafa ta dawo a ƙafa. Ba wanda ya kira shi motsa jiki. Rayuwa ce. Innarta har ta tsufa ba ta san kujera ba. Aka kawo ta nan aka ce ta huta. Inji ya markaɗa, inji ya wanke, tukunya ta dafa shinkafa da kanta ta kashe kanta, ɗan babur ya kawo tapau, abincin saye a ƙunshe, har bakin ƙofa. Ta huta. Ta huta har zoben aurenta ya nutse a yatsa, sai da sabulu aka cire. Hutu aka ce, ta karɓa da hannu biyu, wa zai ƙi? Wanda bai taɓa daka gero da ciki wata takwas ba shi zai ce mata don me.

Amma yaro bai ga dakan ba. Bai ga gugan ba. Abin da ya buɗe ido ya gani: mace a kan doguwar kujera da waya, namiji a kan gajeriyar kujera da kwamfuta. Shi ke nan duniya. A ina zai ga wata?

Sallar ma… Innalillahi. Ranar Talata, ko Laraba ce, ta leƙo ta same shi ya jawo kujerar roba kan darduma, ya zauna, ya kabbarta. Yana ruku'u da kai, yana sujada da kai. Ta ɗaga hannu za ta kai masa duka, ya sallame ya dube ta, ba tsoro, ba raini, mamaki kawai. Ya ce da Turanci ai haka Abba yake yi. Gwiwa ce take damun Abba, ta ce. Ya ce shi ma tasa tana ciwo.

Hannun ya sauko da kansa. Wa za ta daka?

Ta faɗa masa, ba ta faɗa ba? Ta faɗa. Rage ci. Tashi ka motsa. Ajiye wannan lemon. Sau nawa? Tana faɗa da baki, yana kallon hannu. Yara ba kunne gare su ba, ido gare su. Duk abin da ta ce ya bi iska, duk abin da aka yi ya zauna.

A benen da yake kallon nasu an rataye farin ƙyalle a baranda. Tun jiya. An ce alama ce, gidan da abinci ya ƙare musu su rataye, maƙwabta su kawo. Tsohon zanin gado ne ma, an ɗaure a sandar mofa. Ta tsaya tana kallonsa ta tagar kicin. Su yunwa za ta kashe. A nan kabad ba ya rufuwa, gwangwanaye a jere har sama, Abba ne ya tara da aka ce za a rufe gari, kada yara su rasa. Wane ƙyalle ake ratayewa idan abincin ne ya yi yawa? Wane launi? Wa zai zo?

In ya mutu fa.

A'a. A'uzubillahi. Ba ta ce ba.

In ya mutu, ba za su ba ta gawar ba. An ce a leda ake naɗewa, a yi taimama a kan leda, baƙi su binne shi a ƙasar da ba ta san sunan unguwar ba. Ta koma Rano da yara biyu. Ta sauka a mota da yaro mai baƙin wuya, Hajiya ta rungume shi ta ce ga Abdulwahidu ya dawo mata, sak, har tafiyar. Ta dama masa fura da zuma. Ta share bayan ɗaki ta ce damina ce.

Ƙafar Alhaji, ranar da aka kwance ƙyallen. Warin. Yatsun kamar busasshiyar kubewa. Ƙafar Mus'ab da ta sha sumbata yana jariri, tafin kamar audugar da ba a taɓa ba…

Cokali yana kaɗawa a falo.

Ba a kicin ba, a falo. Ƙarar da ta sani, silba a kan silba. Ya dawo? An sallame shi? Ta fito, hannu a bango.

An tafi hutun darasi. Mus'ab yana kan gajeriyar kujerar, ta uban, ya jingina irin jinginar, ƙafa ɗaya a miƙe ɗaya a naɗe, riga ta ɗage a kan tumbi. Filas a gefe, gwangwani a gefe, an huda masa baki biyu — wa ya koya masa hudawa? Ba wanda ya koya masa. Kofin silba a hannun dama, kofin roba a hagu, yana ja. Sama, ƙasa. Ko ɗigo bai zubar ba. Kumfa ta taso. Ya lashe bakin gwangwanin da ɗan yatsa, ya busa, ya kurɓa, ya lumshe ido, ya saki ɗan nishin nan. Nishin ma. Har nishin.

Tana tsaye.

Ya sha, ya sha, ya karkata kofin ya leƙa ciki. Ya tsaya. Ya juya wajen Mubina da take kwance a ƙasa tana zane.

"Babbar mace," ya ce, da muryar da ya ƙara wa kauri, "zo ki karɓi ragowa."

Yarinyar ta tashi da gudu, hannu biyu a gaba, ta ɗan rusuna.

Ba ta san lokacin da ta isa ba. Kofin dai ga shi a hannunta, da ɗumi, gindinsa fari, mai kauri, sukari yana motsi a ƙasa kamar yashi. Mubina ta buɗe baki za ta yi kuka. Mus'ab yana kallonta, irin kallon ranar kujera: me na yi? Me ya yi? Abba ba ya nan, ya tsaya a wurin Abba. Ya rage wa ƙanwarsa. Yaron kirki. Abin da aka nuna masa shi ne kirki, shi ya yi, bai ƙara ba bai rage ba. Daga Alhaji zuwa Abba, daga Abba zuwa shi, daga shi zuwa wannan 'yar mai ƙafar kara — kofi ɗaya ake miƙawa, kowa ya sha ya rage, kowa ya ce albarka.

Ta ajiye kofin a kan talabijin, inda hannunsu ba ya kai. Ta jawo akwatin huluna. Zanna bukar, damanga, farar tashi-ka-fiya-naci da yake sawa a gida, ƙamshin turarensa ya bugi fuskarta har sai da ta dafa ƙasa. Ga jakar, baƙa, ƙarama. Ta zuge. Na'urar, da abin sukan mai kama da biro, da 'yar kwalbar tsinkayen da ake ɗiga jinin a kai. Sau ɗaya ta ga an yi. Sau ɗaya ya isa, abin da ya tsorata mutum ba ya mantuwa. Ta zura tsinke. Gilashin ya kawo haske. Da ma a ce batirin ya mutu. Da ma a ce gaskiya ya faɗa, ta lalace.

Ta ce ya kawo hannu.

Ya tura hannayen cikin hammata. Ya ce tak nak, ba ya so, da yaren mutanen nan, kamar ba ita ta haife shi ba. Ta ce ba zafi, kamar cizon sauro. Ya girgiza kai. Ta ce don Abba. Ya ce Abba ma ai bai sake yi ba, ya gani, yana bayan labule ranar. Ya gani. Komai ya gani. Me ya rage a gidan nan da bai gani ba?

Za ta iya danne shi. Da can. Yanzu ya fi ta ƙarfi, ko dai ya fi ta nauyi. Ta durƙusa a gabansa, gwiwarta ta yi ƙara, ta ce Mus'ab, kiyashi na gani a banɗaki, ka san abin da kiyashi yake bi?

Ya dube ta tun daga sama har ƙasa, a hankali, ba rashin kunya, kallon mai lissafi. Sannan ya yi magana da Hausa, Hausarsa mai tuntuɓe da ba ya fito da ita sai abu ya kai masa wuya.

"Umma, ai ke ma kina shiga. Kin fi kowa shiga." Ya nuna abin sukan da haɓa. "Ke ki fara. In kin yi, zan yi."

Su uku suke shigarsa.

Su uku. Ta ƙirga biyu.

Gorar ruwan da take cikawa tana ƙarewa. Tashin daren da take yi tana komawa banɗaki, tana cewa sanyin fanka ne. Yankan wuƙar nan a babban yatsa da ya ƙi rufewa tun kafin a ɗauke Abba. Idon da yake hazo idan tana duba waya. Ita da ba ta shan shayi — ba ta sha, kowa ya sani, ba ta zama a ci da ita, sai ta ce ta ƙoshi. A kicin take ci. A tsaye, ta juya wa ƙofa baya, ƙanzon tukunya, guntun roti, abin da ya saura a farantin kowa don kada a zubar a yi zunubi. Da cokalin madarar. Duk haɗi sai ta cika shi ta kai baki, ɗaya na kofi ɗaya nata, shekara nawa? Ba wanda yake gani. Ta ɗauka ba wanda yake gani. Ranar nan da ta tarar da Mubina a lungun firji, ta juya wa ƙofa baya, cokali a baki, ta yi dariya ta ce wannan 'ya da wayo, a ina ta koyo…

A ina ta koyo.

In shi yana can asibiti, ita ma ta… wa zai riƙe su? A ƙasar nan? Wa?

Abin sukan yana hannunta. Bai da nauyi. Za ta iya cewa ita babba ce, ba a yi wa manya. Za ta iya cewa gobe, bayan an kwance musu robar hannu, bayan an sallamo Abba, daga Litinin. Kalmomin suna nan a bakinta, a shirye, masu santsi, an sha amfani da su a gidan nan. Akwatin huluna a buɗe yake, wurin jakar yana nan yadda ta bar shi. Ido huɗu a kanta. Ba bakinta suke kallo ba.

Ta ɗora a yatsa. Ta danna.

Ashe da zafi. Ƙarya ta yi masa, ya fi cizon sauro.

Jinin ya taso, ɗigo ɗaya, ja wur, kamar na kowa, ba abin da ya nuna. Ta kai tsinken, ya zuƙe. Lambobi suka fara komawa baya a kan gilashin. A hankali Mus'ab ya zaro hannu ɗaya daga hammata, ya miƙe ɗan yatsa, ya ajiye a kan gwiwarsa, yana jira. Ba na'urar yake kallo ba. Fuskarta yake kallo, ya ga yadda ake yi da fuska idan lambar ta fito.

Kada ta yi dariya. Ko me ta gani, kada ta yi dariya, kada ta ce ta lalace…

Na'urar ta yi ƙara.

Ta gaji. Ya Allah, ta gaji. Sai ta duba kenan — yana kallo — sai ta duba…